Katangar Laka a Cikin Waya Mai Gigabait 2: Nazarin Yadda Wani Mai Zane a Argungu Ya Zaɓi Kayan Aikinsa

Asalin lamarin

Matashin da wannan nazari ya shafa mazaunin Argungu ne a Jihar Kebbi. Ya yi difloma a fannin kwamfuta a Birnin Kebbi, ya dawo gida ya kama aiki a wani shagon buga takardu, inda yake tsara katin aure da fosta da kalandar makarantun Islamiyya. A ƙarshen 2022 wani abokin karatunsa, mai rubuta manhaja, ya zo masa da shawarar su haɗa ɗan ƙaramin wasan waya a kan kamun kifi. Mai wasa zai tuƙa kwale-kwale a Matan Fada, ya jefa homa, ya fito gaɓa, ya ratsa unguwa ya kai kifinsa kasuwa. Sun zaɓi wannan jigo ne don bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ba ya bukatar a gabatar da shi ga kowa a Arewa.

Abokin ya ɗauki rubuta wasan. Shi kuma matashin ya ɗauki duk abin da ido zai gani a muhallin: gaɓar kogi, katangu, zaure, rumbu, danni, randa, gora da kwale-kwale. Aikin irin wannan hawa biyu ne. Ana fara sassaƙa siffar abu a kwamfuta, sannan a lulluɓe ta da hotunan da za su ba ta launi da kaushi, waɗanda za mu kira fata a nan.

Kayan aikinsa a lokacin su ne laftof na gwanjo mai Core i5, Ram gigabait 8, faifan ajiya irin na da mai juyawa, da linzami. Ba shi da katin hoto na daban, sai wanda ke haɗe da ƙwaƙwalwar na'urar. Data mako-mako yake saya. Wuta kuwa sai yadda hali ya yi. Wayoyin da suke sa ran za a buga wasan a kansu su ne waɗanda ke hannun mutanen gari, wato Itel da Tecno da Infinix masu Ram gigabait 2 ko 3. Dukansu biyu sun san haka, amma a farkon aikin babu wanda ya rubuta shi a takarda.

Na san aikin ne domin yakan turo mini fayilolinsa in duba masa. Yana kuma da littafin da yake rubuta abin da ya gwada da ranar da ya gwada, kuma daga nan aka ɗauko alkaluman da ke ƙasa.

Janairu zuwa Afrilu 2023: bin sawun manyan kamfanoni

Daga YouTube ya fara. Kusan duk bidiyon da ya kalla hanya ɗaya suke nunawa: a sassaƙa a ZBrush, a yi fata a Substance 3D Painter, a kai Unreal Engine 5, manhajar da ake haɗa wasan a cikinta. Da waɗannan manhajoji ne manyan kamfanonin wasanni suke aiki, don haka shi ma ya nufi can.

ZBrush ta yi aiki a laftof ɗinsa fiye da yadda ya zata, saboda ta fi jingina da ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan katin hoto. A kwanakin gwaji na kyauta ya sassaƙa fuskar zaure mai dagi har ta haura alwatika miliyan 6, wato ƙananan kusurwa-uku da kwamfuta ke saƙa ragar siffa da su. Da kwanakin suka ƙare sai maganar biya ta taso. Kamfanin Maxon na Jamus, wanda ya sayi manhajar daga Pixologic, da dala yake karɓar kuɗi, kuma a wannan lokacin bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙasashen waje.

Painter, wadda Adobe ta mallaka tun 2019 bayan sayen kamfanin Allegorithmic na Faransa, ta buɗe amma ba ta tafi ba. Masu ita sun bayyana a fili cewa ba a yi ta don katin hoto na haɗe ba. Idan ya ja burushi sai ya jira kafin layin ya fito. Unreal kuwa gigabait masu yawa ta ci na datar dare kafin ta sauka, kuma abin da ya ja shi gare ta, wato Nanite, fasahar da ke ba da damar zuba siffofi masu miliyoyin alwatika kai tsaye cikin wasa, ba ta aiki a waya a lokacin. Abokin ma ya shaida masa cewa shi da Unity, wata manhajar haɗa wasa daban, yake rubuta wasan.

A watan Maris wani a kasuwar waya ya ba shi fasassun manhajoji a filasha. Mako guda bayan ya girka su, fankar laftof ɗin ta daina hutawa ko ba ya aikin komai. Sai da aka goge na'urar gaba ɗaya, kuma fuskar zauren nan ta tafi a ciki. Ko da ba a samu wannan ɓarna ba, wasan da ake son sayarwa ba ya ginuwa a kan kayan da ba su da lasisi.

Afrilu ya ƙare babu abu ko ɗaya nasa da ya shiga cikin wasan.

Mayu zuwa Agusta 2023: sabuwar manhaja, tsohuwar hanya

Abubuwa biyu da suka faru a ƙasa sun rufe maganar biyan kuɗin wata-wata. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, mai shagon ya daina tada janareta sai in akwai aikin kwastoma. A tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 700.

Sai ya koma Blender, manhajar sassaƙa siffa da yi mata fata. Kyauta ce, nauyinta 'yan ɗaruruwan megabait ne, ana iya ɗaukar ta a filasha, kuma ba ta neman intanet kafin ta buɗe. Ya tsaya a kan 3.6, wadda ta fito a ƙarshen Yuni 2023 da alkawarin gyare-gyare na shekara 2.

Yadda yake aiki dai bai canja ba. Kowace katanga sai ya sassaƙa ta ita kaɗai daga tushe har sama, ya sa manhaja ta rage mata alwatika, ya bar manhaja ta feɗe ta da kanta, wato ta shimfiɗa jikinta a fili don a ɗora mata hoto, sannan ya yi mata hotuna 3 masu faɗin fiksel 4096: na launi, na kaushi, da taswirar tudu da kwari wadda ke sa haske ya nuna tsaga da ƙulli a fili mai santsi. Zuwa tsakiyar Agusta ya gama abubuwa 22.

Ranar 20 ga Agusta suka yi gwajin farko a Tecno mai gigabait 2. Unguwar tana da alwatika miliyan 1.9 da hotuna 66, fayil ɗin wasan kuma megabait 640. Wayar ta riƙa nuna hoto 7 a daƙiƙa, alhali ana bukatar 30 kafin ido ya ga motsi sumul, kuma kafin minti 2 ta rufe wasan da kanta. A Infinix mai gigabait 4 an samu 14, wayar ta yi zafi.

Lissafin a bayyane yake ga wanda ya zauna ya yi shi. Hoto mai fiksel 4096 tsawo da faɗi yana cin megabait 64 a ma'adanar aiki idan ba a matse shi ba. Ko an matse shi da tsarin ETC2 da wayoyin Android ke ganewa, yana cin 8 zuwa 16. Hotuna 66 ke nan sun cinye daga rabin gigabait zuwa gigabait guda, a wayar da Android kanta ta riga ta kwashi kaso mai tsoka na gigabait 2 ɗin. Ga kuma wani nauyin da ba a gani. Duk abin da ke da fatarsa daban, sai ƙwaƙwalwar waya ta aika wa katin hoto umarni na musamman a kansa a kowane hoto, kuma yawan waɗannan kiraye-kiraye kan gajiyar da ƙaramar waya tun kafin a zo ga yawan alwatika.

Gyaran da ya fara yi shi ne rage komai. Ya mayar da hotunan 1024, ya ƙara matse siffofin. An samu hoto 19 a daƙiƙa. Sai dai gefunan katangu sun kakkarye, kuma wata sabuwar matsala ta fito: randa mai tsawon rabin mita da katanga mai mita 8 duk fiksel 1024 suka samu, don haka randar ta fito tas, katangar da ke bayanta ta yi dishi-dishi.

Satumba zuwa Nuwamba 2023: kayan aro, da maganar wani magini

A ranar 12 ga Satumba Unity ta sanar da sabon kuɗin da za a riƙa biya a kan kowane girki na wasa. Sharaɗin bai kai kansu ba, domin sai wasa ya samar da dala 200,000 a shekara kuma an girka shi sau 200,000, kamfanin ma ya janye tsarin a Satumba 2024. Duk da haka abokin ya yanke shawarar komawa Godot, manhajar haɗa wasa irin Unity, wadda kyauta ce kuma saukarta ba ta kai megabait 100 ba. Ƙaurar ta ɗauke shi mako 6. A wannan tsakanin matashin ya gwada gajerun hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce sauko da fata da aka riga aka yi. Poly Haven da ambientCG suna bayar da nasu kyauta ba tare da sharaɗi ba. Megascans, babbar taskar Quixel da Epic Games ta saya a 2019, kyauta ce a lokacin amma ga masu aiki da Unreal kawai, don haka ba ta halatta gare su ba. Ya ɗauko hotunan yaɓen laka daga na farkon, ya shimfiɗa a katangunsa. Kwana da kwanaki yana ganin tsagogi sun kumburo waje maimakon su lotsa ciki. Dalilin ƙarami ne: taswirar tudu da kwari iri biyu ce, ta OpenGL da ta DirectX, kuma bambancinsu juya koren launi ne kawai. Blender da Godot da Unity ta farkon suke karantawa, Unreal ta biyun, shi kuwa ta biyun ya sauke. Da ya canja, hasken ya daidaita.

Gajeriyar hanya ta biyu ita ce gina siffa daga hotuna. Ya zagaye wani rumbu da waya ya ɗauki hoto 90 da tsakar rana, ya zuba a Meshroom. Manhajar tana bukatar katin hoto na kamfanin NVIDIA don matakin auna zurfi. Ba tare da shi ba sai hanyar wucin gadi, wadda bayan awa 5 ta ba shi rumbu mai ramuka, da inuwar rana manne a jikinsa ko ta ina aka haska shi.

A cikin Oktoba ya nuna wa wani dattijon magini na unguwarsu, abokin mahaifinsa, hoton katangar a waya. Bai je neman shawara ba, gaisuwa ya je. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, wanga gini bai taɓa ganin damina ba. Ina gabas nashi?”

“Baba, gabas kuma?” in ji matashin.

Dattijon ya tashi ya ja shi bayan gida. Ya nuna masa cewa hadari daga gabas yake tasowa, don haka fuskar gabas ce ruwa ke duka, ita ce ke fara zubar da yaɓe har kawunan tubali su leƙo. Ya nuna masa gindin katanga, inda ruwan da ke fantsama daga ƙasa da danshi ke cinye ta har ta rame ta yi duhu. Ya nuna masa ƙarƙashin indararo, inda ruwa ya ja layi. Katangar laka kuma ba ta miƙewa sambal. Gindinta kauri ne da shi, tana sirancewa tana hawa, kanta a dunƙule. Yaɓen da hannu ake shafa shi, don haka sawun yatsu yana tafiya baka-baka iya tsawon hannun mai yaɓen, kuma ana gane inda ya tsaya ya gusa. Launin jan duhun nan na tsofaffin gidaje na makuba ne, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kawunan azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, suna leƙowa a jere a ƙarƙashin rufin soro.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan a katangar matashin, duk da watannin da ya yi yana sassaƙa. Tsagoginsa ko'ina suke daidai wa daida, sama da ƙasa, gabas da yamma, domin daga burushin manhaja suka fito. A watan Nuwamba ya bi dattijon wurin wani gyaran gida na kwana 3, ya kwaɓa ƙasa, ya yi yaɓe da hannunsa. Ya kuma je Gidan Tarihi na Kanta, ginin da aka yi a 1831, wanda ya kasance fadar sarki har 1942 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, ya zauna da littafinsa yana zana yadda ƙofofi da bakan gizo suke. Shafukan littafin na wannan wata sun fi na kowane wata yawa, kuma babu sunan manhaja ko ɗaya a cikinsu.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: rubuta iyaka

Ranar 9 ga Disamba su biyun suka zauna a Birnin Kebbi da Tecnon nan a tsakaninsu, suka rubuta abin da ba za a ƙetare ba. Hoto 30 a daƙiƙa a wannan wayar. Alwatika kada ta wuce 100,000 a duk inda mai wasa ya juya. Fata kada ta wuce 6 a unguwar baki ɗaya, kuma babu wadda za ta haura 2048. Fayil ɗin wasa ƙasa da megabait 100, yadda za a iya tura shi ta Xender ba tare da an gaji ba. Kowace mita ta gini za ta samu fiksel 256, randa ce ko katanga. A Godot kuma za su yi amfani da tsarin nuni mafi sauƙi, mai tafiya a kan OpenGL ES 3.0, wanda tsofaffin wayoyi ke ɗauka.

Daga nan matashin ya ajiye abubuwa 22 ɗin nan gefe. Ya shata unguwar da akwatuna marasa launi, mita ɗaya a Blender daidai da mita ɗaya a wasa. Wayar ta nuna 60 a daƙiƙa. Da yawo a cikin akwatunan suka gane lungunan sun yi faɗi da yawa, kuma rabin katangun da ya sha wahalar sassaƙawa a baya mai wasa ba ya matsawa kusa da su ko sau ɗaya.

Hotunan fata kuwa hunturu ne ya ba shi su. Ranar da hazo ya sauka sosai rana ba ta yin inuwa mai kaifi, haske yana zuwa daga ko'ina, wanda shi ne abin da mai ɗaukar hoton fata yake nema. Ya fita da waya a irin waɗannan safiyoyi ya ɗauki yaɓe, makuba, azara, zana, karan danni, yashin gaɓa da jikin kwale-kwale, yana tsayawa daidai gaban abin ba a karkace ba. Ƙura tana sa hoto ya yi fari-fari, don haka yakan manna farar takarda a gefe, daga baya ya daidaita launi da ita. A Krita, wata manhajar zane, ya gyara su. Tana da yanayin da ke maimaita hoto ta kowane gefe yayin da ake zane, wanda ke sa a ga gaɓar da hoton ke haɗuwa da kansa a share ta.

Fabrairu zuwa Mayu 2024: tsarin da ya tsaya

Sassaƙa bai daina ba, ya dai rage abin da yake sassaƙawa. Maimakon katanga 12, fili ɗaya ya yi mai mita 4 tsawo da faɗi. A kansa ya zuba duk abin da ya koya a hannun magini: sawun yatsu baka-baka, wurin da yaɓe ya ɓanɓare, ƙananan tsagogi masu bin busasshiyar laka. Ya kai shi alwatika miliyan 2, iyakar abin da laftof ɗin ke ɗauka ba tare da tsayawa ba, sannan ya gasa bayanan, wato ya kwafe su zuwa hoto, a kan fili mai santsi ta Cycles, sashen Blender mai lissafa haske, ya samu taswirar tudu da kwari guda ɗaya mai fiksel 1024. Duk katangun unguwar ita suke sawa.

Ƙananan abubuwa masu tsawo ya tara su a hoto ɗaya mai 2048 da ya yanka layi-layi: layin azara, layin bakin ƙofa, layin dagi da sauran zanen fuskar zaure, layin zana, layin kara, layin igiya. Kowace siffa sai ya feɗe ta da hannu ya ɗora sashenta a kan layin da ya dace, kamar yadda tela ke fitar da riga da wando da aljihu daga yadi ɗaya. Saƙar zana da ta ƙi fitowa da kyau a hoto, a Material Maker ya haɗa ta, wata manhaja ta kyauta da aka gina a kan Godot.

Ginin kansa gutsattsari 14 ne masu haɗuwa da juna: katanga mai mita 2 da mai mita 4, kusurwa, ƙofa, taga, zanko, indararo, rufin soro, da 'yan kaɗan da suka rushe. Kowanne da hannu ya ƙera shi da alwatika 200 zuwa 600, gindi da kauri, kai a dunƙule, babu layin da ya miƙe sambal.

Tarihin damina, wanda dattijon ya tambaya, bai shiga hoto ba ko kaɗan. A kan mahaɗan ragar siffa, wato inda kusurwoyin alwatika ke haɗuwa, ya shafa shi: duhu a gindi, layi ƙarƙashin indararo, kodewa a fuskar gabas. Irin wannan launi kusan ba ya cin komai a ma'adana, kuma da shi katangu biyu masu fata ɗaya suke bambanta. Inuwar lunguna ma a kan mahaɗan ya gasa ta. Wannan shi ne sashen aikin da na fi jin daɗin dubawa a fayilolinsa, domin mutum yana iya juya unguwar a Blender ya faɗi ina ne gabas ba tare da an gaya masa ba.

Abubuwa 3 kaɗai suka samu cikakkiyar sassaƙa da fatar kansu, saboda su ne mai wasa ke gani dab da ido: kwale-kwale, gora da rumbu. Kowanne ya sassaƙa shi, ya sake saƙa masa raga mai sauƙi da hannu a kan ta farkon, ya gasa. Gashin ya ba shi wahala a kwale-kwale, inda bakin jirgin ya riƙa fitowa da baƙaƙen tabo. Sai da ya ƙara tazarar da hasken gashi ke tashi daga gare ta, ya kuma raba katakon zama daga jikin jirgin ya gasa su daban.

Da kuɗin aikin azumi da na ƙaramar Sallah ya ƙara Ram zuwa gigabait 16, ya sa faifan ajiya mai sauri na SSD, ya sayi ƙaramin allon zane mai alƙalami. Alƙalamin ne ya fi canja masa sassaƙa, don yana jin nauyin hannu. A Afrilu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, laftof ɗin kuma yana rage gudu da kansa idan ya ɗau zafi, saboda haka ya mayar da sassaƙa bayan sallar asuba a kan batir, gashi kuma da dare in an kawo wuta. Kowane fayil lamba yake ba shi, ba ya ajiye sabo a kan tsoho. Duk Asabar yana tura wa abokin fayil ɗin siffofin na 'yan megabait, a gwada a waya, a turo masa adadin da aka samu. Sau 2 adadin ya faɗi ƙasa da 30, kuma duka biyun an gano musabbabin a ranar, domin abin da aka ƙara a makon kaɗan ne. Na farko ganyen bishiya ne masu huda-huda da suka hau kan juna, na biyu kuma wata fata ce da aka manta ba a matse ba.

Yuni 2024: abin da aka samu

Ranar 15 ga Yuni aka sake gwaji a Tecnon da ta rufe wasan a bara. Wuri mafi nauyi, bakin kasuwa, yana da alwatika 84,000. Fata 6 ce. Fayil ɗin megabait 71. Wayar ta riƙe hoto 30 zuwa 34 a daƙiƙa na tsawon minti 20 ba ta rufe ba. Sun tura wa matasa kusan 20 ta Xender su gwada, kuma da yawansu sun riƙa gardamar wace unguwa ce aka kwaikwaya, alhali ba a kwaikwayi ko ɗaya ba. Dattijon magini ya kalla ya ce ginin ya zauna, sai dai zankayen duk tsayinsu ɗaya, abin da hannun mutum ba ya yi. An yi musu iri 3.

Akwai abin da bai warware ba. A doguwar katangar bayan kasuwa ido yana kama maimaicin fatar, duk da randuna da itacen girki da aka jera don su karya shi. Ruwan kogin bai kai sauran muhallin kyau ba. Fentin kwale-kwale kuma ya ci masa kwana 4 a Blender, inda zanen fata ba shi da tsarin hawa-hawa sai an ƙara masa wani abu irin Ucupaint. A Yuli ya samu damar zama a kwamfutar wani abokinsa a Sakkwato mai katin NVIDIA da Painter mai lasisi, ya sake fentin jirgin daga azahar zuwa magariba, kuma ya fi na farkon kyau.

Hukunci

Wata 18 aikin ya ci, kuma wata 11 na farko ba su bar siffa ko ɗaya a wasan da aka gama ba. Mai kallo daga nesa zai ce manhajoji masu tsada ne suka ɓata lokacin, na kyauta suka cece shi. Littafinsa bai nuna haka ba. Gwajin Agusta 2023, wanda ya fi kowanne muni, da Blender aka yi shi. ZBrush ta yi masa aiki lafiya a laftof ɗin nan, Painter kuma ta nuna a Sakkwato cewa ta fi abin da ke hannunsa sauri nesa ba kusa ba.

Abin da ya raba rabin farko da na biyu, a ganina, takardar 9 ga Disamba ce. Bidiyon da ya koya daga gare su an yi su ne don wasannin da za su hau manyan kwamfutoci, kuma masu yin su ba sa faɗin haka domin a wurinsu abu ne sananne. Shi kuwa wayar gigabait 2 yake yi wa aiki. Da aka ajiye wayar a tebur aka rubuta abin da take iya ɗauka, yawancin tambayoyin zaɓen manhaja sun amsa kansu: wanda zai sassaƙa fili ɗaya da abubuwa 3 ba ya bukatar manhajar da ke riƙe alwatika miliyan 50. Gwajin mako-mako ya kamata a fara shi tun Janairu 2023 da akwatuna, kuma babu abin da ya hana sai ɗaukar da suka yi cewa waya matakin ƙarshe ce.

Na biyu shi ne maginin. Iyakar da aka rubuta ita ta sa wasan ya tafi a waya, amma ba ita ta sa unguwar ta yi kama da Argungu ba. Ina ganin wannan ya fi shafar masu zanenmu fiye da na wasu wurare, domin taskokin fata na duniya cike suke da dutse da bulo da katakon ƙasashen da aka ɗauke su, kuma da wuya mutum ya samu makuba ko azara a ciki. Wanda zai gina garin Hausa a wasa dole ya ɗauko nasa, kuma masu sanin yadda ginin ƙasa ke tsufa suna raguwa yadda bulo da siminti ke cinye unguwanni.

Ba kowane sashe na tsarinsa ne zai dace da kowa ba. Mai yi wa babbar kwamfuta wasa, ko mai neman aiki a kamfanin waje inda za a tambaye shi ZBrush da Painter, hanyarsa daban ce, kuma gara ya koye su da lasisi. Shi kansa matashin yanzu yana tara kuɗin kwamfutar tebur ta hannu mai katin NVIDIA, da niyyar sayen Painter ta Steam, kasuwar wasanni da manhajoji ta intanet, inda ake biya sau ɗaya. Ya ce kwale-kwale da kifaye da mutane zai yi da ita. Katangu da sauran ginin unguwa ta biyu, wadda suka fara shatawa da akwatuna, a Blender da Krita za su ci gaba, a kan iyakar nan ta fiksel 256 a mita.